Gyaran silin da bangon da ruwa ya lalata a Pissy da Zongo na Wagadugu

Ruwa yana lalata gida ta hanyoyi huɗu: ya sauko ta rufi, ya bugi bango daga gefe, ya taso daga ƙasa, ko ya tsiyaya daga bututun da aka binne a cikin gini. Kowace hanya tana barin irin tabonta, kuma kowace da irin gyaranta. Abin da ya fi jawo asara a wannan aiki shi ne gaggawar rufe tabo tun ba a gano hanyar da ruwan ya bi ba. Ana shafa siminti da fenti a watan Oktoba, Agusta na zagayowa tabon ya sake fitowa a daidai inda yake, ya ma fi na da faɗi. Gyara mai ɗorewa yana da tsari: a kare rai, a gano mafarin ruwan, a toshe shi, a bar gini ya bushe, sannan a mayar da abin da ya lalace da kayan da suka dace da irin bangon.

Yanayin wurin

Pissy tana yammacin Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a yankin Boulmiougou, kuma Zongo na maƙwabtaka da ita. An san Pissy da babban ramin dutse inda maza da mata ke fasa dutse da hannu suna sayar wa magina tsakuwa. Birnin yana zaune ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ƙarancin gangara, ga jar ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa da sauri. Ruwan da ke sauka a shekara yana kai kimanin milimita 750 zuwa 800, galibinsa tsakanin Yuni da Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Yakan zo da iska mai ƙarfi daga gabas, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa.

Gine-ginen yankin iri biyu ne. A inda hukuma ta yanka filaye ta fitar da tituna, gidajen bulo da siminti sun fi yawa, da rufin kwano ko na kankare. A inda ba a yanka ba, kamar sassa da dama na Zongo, bulon ƙasa ne ya mamaye, wanda mutanen gari ke kira banko. Rashin kuɗi na daga cikin dalilai, amma akwai wani: wanda bai da takardar fili ba ya son zuba dukiya a ginin da za a iya rushewa ranar da aka zo yanka filaye. Don haka ake samun ɗakuna marasa harsashi mai zurfi, bango ba yaɓe, rufi ba baki, ga lunguna ba magudana. Ramukan da ake haƙar ƙasar bulo su ma suna cika da damina su zama kududdufai, kamar yadda aka sani a tsohon birnin Kano.

Ranar 1 ga Satumba, 2009, ruwa kimanin milimita 263 ya sauka a Wagadugu cikin sa'o'in da ba su wuce 12 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara. Mutum wajen 150,000 abin ya shafa, gidaje fiye da 20,000 suka rushe, galibinsu na ƙasa. Ruwa ya shiga babban asibitin Yalgado Ouédraogo har aka kwashe marasa lafiya. Daga baya gwamnati ta ba da filaye a Yagma, arewa da birnin, ga waɗanda suka rasa muhalli. A Satumban 2020 ma ambaliya ta sa hukumomi suka ayyana dokar bala'i a ƙasar. Sai dai irin wannan ruwa ba shi ne ke cin gidaje kowace shekara ba. Yoyon da ake sa wa bokiti a ƙarƙashi, da danshin gindin bango da ake ja wa katifa nesa, su ne ke cin gini a hankali har babban ruwa ya zo ya ƙarasa.

Lissafi kaɗan yana nuna girman abin. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 30 yana karɓar lita 1,500 a ruwan milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a Agusta. Duk wannan ruwa dole ya sami inda zai sauka, kuma idan ba a yi masa hanya ba, gindin bango zai nufa.

Kafin a taɓa komai

Matakin farko shi ne kashe wuta daga mita ko babban makunni, domin wayoyin da ke bin cikin silin da bango suna jiƙewa, kuma jiƙaƙƙen bango na iya jan mutum. Ba a mayar da wutar sai mai aikin lantarki ya duba. Silin da ya yi ciki ya lotso yana riƙe da ruwa ne; ana fitar da mutane da kaya, a ajiye bokiti, a huda tsakiyar cikin da ƙusa ko sanda mai tsini don ruwan ya tsiyaye kafin nauyinsa ya kayar da allon gaba ɗaya.

A gidan ƙasa akwai alamomin da ke nufin a bar ɗakin a daren nan, ba gobe ba: bango ya karkata, tsagar da ke ƙara buɗewa, rabuwar bango biyu a kusurwa, ƙofa ko taga da ta daina rufuwa kwatsam, ko gindin bango ya yi laushi har yatsa na shiga. Bulon ƙasa yana rasa mafi yawan ƙarfinsa idan ya sha ruwa, kuma bango na iya faɗuwa kwanaki bayan an ɗauke ruwan. Irin wannan bango ana tokare shi da katako ko ƙarfe tun daga nesa, a kira magini.

Gano hanyar ruwa

Tabo yana ba da labari ga wanda ya iya duba shi. Tabon ruwan kasa mai zagaye a silin, wanda ke ƙaruwa bayan kowane ruwa, yoyon rufi ne. Amma ba lallai ramin ya kasance daidai saman tabon ba, domin ruwa kan bi jikin katako ko ƙarfen rufi ya yi tafiya kafin ya ɗiga. Da rana, idan an buɗe wani sashe na silin aka rufe ƙofa da taga, hasken da ke shigowa yana nuna ramukan kwanon. Ana kuma iya zuba ruwa a saman rufin sashe-sashe, ana farawa daga ƙasa, wani yana ciki yana kallo.

Danshin da ya fara daga daɓe ya hau zuwa gwiwa ko ƙugu, da layi mai lanƙwasa a samansa da farin gari kamar kanwa, daga ƙasa yake tasowa. Farin garin gishirin ƙasa ne da ruwan ya ɗauko ya bari bayan ya ƙafe, kuma shi ke kumbura fenti yana ɓare yaɓe. Zaizayar gindin bango ta waje, tsawon kamu ɗaya ko biyu, aikin feshin ruwan da ke zubowa daga rufi ne. Tabon da ba ya bushewa ko da rani, musamman kusa da bayan gida ko madafa, bututu ne. Gwajinsa da sauƙi: a rufe duk famfunan gida, a rubuta lambar mitar ruwa ta ONEA, a dawo bayan sa'a biyu. Idan lambar ta motsa, akwai inda ruwa ke fita.

Gyaran rufi

A Wagadugu da yawan kwanon rufi ake auna girman ɗaki, a ce ɗaki mai kwano 16 ko mai 20. Yawancin rufin gangara ɗaya gare shi, an kewaye shi da ɗan gajeren bango ta gefe uku don iska kada ta yaye shi. Nan ne rauninsa yake. Kwano yana miƙewa da zafin rana ya tsuke da dare, sai simintin da aka toshe mahaɗarsa da bango ya tsage, ruwa ya riƙa bin tsagar yana sauka cikin bangon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙara siminti a kan tsohon siminti ba ya wuce damina ɗaya. Abin da ke riƙewa shi ne a yanka ƙaramin rami a jikin bangon, a cusa bakin wani sillen kwano da aka lanƙwasa, ya sauko ya rufe mahaɗar kamar tafin hannu ɗaya da rabi, sannan a toshe ramin. Haka kwanon rufin zai yi motsinsa a ƙarƙashi ba tare da buɗe hanya ba.

Ƙusa ana buga ta ne a tudun kwano, ba a kwarinsa inda ruwa ke gudu ba, kuma da robarta. Tsohuwar ƙusa da ta saki ana cire ta a sa wadda ta fi ta kauri. Ƙananan ramuka ana goge tsatsarsu a liƙe da kwalta ko tef mai kwalta. Kwanon da tsatsa ta cinye ya yi raga-raga sai canji. Inda kwano biyu suka haɗu a tsawo, na sama ya hau na ƙasa da aƙalla santimita 15 zuwa 20, a ƙara idan gangarar ba ta da yawa. Duwatsu da tayoyi da tarkacen da ake ɗorawa a rufi suna tare ruwa da ganye, su gaggauta tsatsa. Ɗaure rufi da waya ko ƙarfe zuwa cikin bango ya fi su. Kafin a rufe, a duba katakon: wanda ya daɗe a jiƙe gara na binsa, kuma idan tsinin wuƙa ya shige shi da sauƙi ya gama aiki.

Rufin kankare yana yoyo ne idan ruwa ya kwanta a kansa. Ana share bakin indararo, a gyara gangara da sabon shafe mai karkata zuwa gare shi, a buɗe tsagogi a cike su, sannan a shimfiɗa kwalta ko makamancinta har ta hau jikin ɗan bangon gefe. Idan daga ciki ana ganin kankaren yana ɓarewa rodi ya bayyana da tsatsa, lamarin ya wuce na ado. Rodi mai tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke kewaye da shi. Wannan aikin injiniya ne, kuma ƙasar tana da hukumar gwajin kayan gini, LNBTP, mai duba ƙarfin irin waɗannan gine-gine.

Bushewa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Jiƙaƙƙen bango mai kauri yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin cikinsa ya bushe, ko da fuskarsa ta yi fari. Ana ɓare yaɓen da ya saki da fentin da ya kumbura don bangon ya sha iska, a janye kabad da gado, a buɗe ƙofa da taga. Hanyar gane ya bushe ita ce a liƙa ledar da ba ta da rami a jikinsa da tef ta ko'ina, a bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a bayanta ko wurin ya yi duhu, da sauran ruwa. Ba a hura gawayi a rufaffen ɗaki don busar da shi; hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Yanayin ƙasar yana taimakawa. Iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana busar da gini fiye da kowace na'ura. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne: da damina a toshe yoyo a tokare abin da ke barazana, da hunturu a bar gini ya bushe, sannan a yi babban gyara tsakanin Janairu da Afrilu, kafin hadarin farko na watan Mayu.

Funfuna, wato baƙaƙe ko korayen ɗigo masu warin ruma, tana fitowa cikin kwana biyu ko uku a jiƙaƙƙen wuri, kuma tana tayar da asma da tari, musamman ga yara da tsofaffi. A bangon siminti ana wanke ta da sabulu, a bi da ruwan jabel, wato bilic, da aka tsarma da ruwa kamar kashi ɗaya cikin goma, da safar hannu da abin rufe hanci, taga a buɗe. Ba a haɗa jabel da asid ɗin wanke bayan gida ko wani sinadari, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Idan ruwan ambaliya ne ya shigo, to ya gauraya da na masai da kwata, sai an wanke daɓe da bango an kashe ƙwayoyin cuta kafin a koma.

Silin

Silin falaiwud, wanda ya fi yawa a gidajen talakawa, yana rabuwa falle-falle idan ya jiƙe, kuma ba ya komawa daidai. Allon da ya kumbura ana cire shi gaba ɗaya, a duba katakon da ke riƙe da shi, a shafa maganin gara, a buga sabo. Wanda tabo kawai ya yi bai lanƙwashe ba ana iya barinsa. Silin farar hoda, wanda ake kira staf a Wagadugu, POP a Najeriya, yana jure jiƙa sau ɗaya idan ya bushe da wuri. Amma inda ya yi laushi yana marmashewa, ana yanke wurin a murabba'i har zuwa inda yake da ƙarfi, a ɗaura sabon yanki, a cike mahaɗa a goge. Silin roba ba ya ruɓewa, sai dai yana ɓoye yoyo: ruwa na taruwa a samansa, katako na ruɓewa ba a sani ba. Yana da kyau a bar masa ƙofar dubawa.

Tabon ruwa yana ratsa fentin ruwa ko sau nawa aka shafa. Sai an fara rufe shi da shafi ɗaya na fentin mai, ya bushe, sannan a bi da fentin ɗakin.

Bangon siminti

Ana ƙwanƙwasa bangon da bayan guduma. Inda ya yi amo kamar ganga, shafen ya rabu da bulo, sai a sassaƙe shi har a wuce iyakar tabon da kamar kamu ɗaya. Farin gishiri da busasshen buroshi ake goge shi, domin ruwa narkar da shi yake yi ya mayar da shi ciki. Tsaga ana ƙara buɗe bakinta kafin a cike, in ba haka ba sabon kwaɓin ba zai kama ba. Ana yayyafa wa bulon ruwa kaɗan, a watsa shafen farko mai ruwa-ruwa, washegari a yi na biyu da awo ɗaya na siminti ga huɗu ko biyar na yashi mai tsabta. Yashi mai laka shi ne ke sa shafe ya tsattsage. A zafin Wagadugu sabon shafe yana buƙatar yayyafi safe da yamma har mako guda, kuma a jira kamar wata ɗaya kafin fenti.

Inda danshi ke tasowa daga ƙasa, manna tayil ko shafa fentin mai a gindin bango ba ya kashe shi. Ruwan hawa yake yi ya fito a saman tayil ɗin. Maganinsa a waje yake: a rage ƙasar da ta taru ta fi daɓen ɗaki tsawo, a karkatar da tsakar gida ta riƙa zubar da ruwa nesa da bango, a matsar da wurin wanka da wanki da alwala, a gyara ramin ruwan wanka idan yana kusa.

Bangon ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lulluɓe bulon ƙasa da shafen siminti mai kauri. Su biyun ba sa kama juna, kuma ba sa motsi tare. Siminti na tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, ƙasar ta narke a ɓoye, wata rana shafen ya faɗo faifai guda a ga bangon ya rame. Ƙasa da ƙasa ake gyara ta. Ana kankare sashen da ya yi laushi, a jiƙa wurin kaɗan, a cike da kwaɓin ƙasa irin ta bangon da aka haɗa da ramno ko yankakkiyar ciyawa aka bari ta kwana, ana yi hawa-hawa kowanne ya bushe. Idan gindi ya zaizaye da zurfi, ana tokare bangon, a riƙa cire ruɓaɓɓen bulo ɗan sashe kaɗan a lokaci guda ana maye gurbinsa da dutse, ko bulon jar ƙasa da ake yankowa daga rami, ko bulon siminti. Wanda ya nace sai shafen siminti, to a buga ƙusoshi a ɗaura ragar waya tukuna, a yi shi sirara, a riƙa toshe tsagoginsa kowace shekara.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin yadda ake kare bangon ƙasa daga ruwa. A Kano da Zariya da Katsina ana shafe soraye da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa daga katsin marina. Ana sa indararo mai tsawo ya jefa ruwa nesa, a gina dakali a gindin bango, kuma ana sabunta yaɓe kafin damina. A Tiébélé, kudancin Burkina Faso, matan Kasena suna shafe zanen bangonsu da ruwan ɗorawa da aka dafa, kuma fadar garin ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2024. Francis Kéré, ɗan ƙasar da ya ci kyautar Pritzker ta zanen gine-gine a 2022, ya gina makarantar firamare ta Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗora mata rufi mai faɗin baki da ke kare bango daga ruwa. Ka'idar ɗaya ce a duka: ƙasa tana daɗewa muddin samanta da gindinta a bushe suke.

Kuɗi da haƙƙi

Idan kuɗi bai isa a yi komai lokaci guda ba, rufi ne farko, sai gindin bango da hanyar ruwa, sai silin, fenti a ƙarshe. Buhun siminti biyu da aka yi dakali da ɗan lambatu da su sun fi amfani a kan bokitin fenti huɗu. A gidan haya, gyaran rufi da bango da bututun da ke cikin gini yana wuyan mai gida ne, share indararo da magudana kuwa na ɗan haya. Yana da kyau ɗan haya ya ɗauki hoton ɓarnar ya sanar da mai gida da wuri, kuma a yi yarjejeniya a rubuce idan za a cire kuɗin gyara daga haya.

Akwai abin da gida ɗaya ba ya iya yi. Wanda ya ɗaga ƙofarsa da tsakuwa ya tura ruwa gidan maƙwabci bai magance komai ba, kuma daga nan husuma ke tashi. A lungunan da ba su da magudana, mazauna layi kan haɗu su fitar da hanyar ruwa guda zuwa gangare, su hana zuba shara da leda a cikinta. Gidan da ke cikin kwari ko bakin hanyar ruwa kuwa, wanda ruwa ke shiga kowace shekara, gyara ba ya fitar da shi; ɗaga daɓe da harsashi, ko ƙaura idan da hali, shi ne mafita. Ga sauran gidaje, dubawa sau biyu a shekara ta wadatar: a Afrilu a hau rufi a duba ƙusa, mahaɗa da indararo, a sabunta yaɓen gabas, a Oktoba a zagaya bango ciki da waje a yi wa kowane sabon tabo alama, don a san abin da za a gyara idan hunturu ya gama busar da shi.